Gashin Zakara a Hular Jandarma

Ranar da ƙanena Vilmos ya zo daga Budapest da ƙunshin takardu a hammata, ya zauna a kicin ɗin mahaifiyarmu ya ce yana son zana abin da ya same ta a shekarar 1944, saura kaɗan in kwaɗa masa ludayin da ke hannuna.

"Zane?" na ce. "Irin na mujallar yaran nan da kake yi wa aiki, mai zomo sanye da wando? Vili, ƙalau kake kuwa?"

"Babu zomo a ciki, Hédi."

"To me ke ciki? Kakarmu da ƙaton hanci, magana na fitowa daga bakinta cikin balan-balan?"

Anyu, haka muke kiran mahaifiyarmu, tana gefe tana feren dankali. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ni nake zaune da ita tun rasuwar babanmu, kuma abin da na sani game da shekarar nan bai cika tafin hannu ba. Tana 'yar shekara goma sha biyu aka tara Yahudawan garinmu a harabar gidan ibada, aka kai su masana'antar bulo ta Debrecen. Ita da uwarta suka faɗa jirgin ƙasan da ya nufi Austria, suka yi aikin bauta, suka dawo da rai. Kakarta da ƙanenta Andor aka tura su wani jirgin, wanda ya nufi Auschwitz. Iyakar abin da ta taɓa faɗa mana ke nan. Malaman jami'a sun zo mata da rikoda ba sau ɗaya ba. Takan ba su kofi da pogácsa, 'yar gurasarmu, mai zafi, ta tambaye su lafiyar iyayensu, ta raka su ƙofa.

Vili bai tambaye ta komai ba. Ya share gefen tebur, ya zana titinmu yadda yake a tsohon hoto, ya zana mutane a jere da ƙullin kaya, ya sa musu sojoji masu hular kwano a gefe. Ya bar takardar a nan ya fita shan taba.

Anyu ta goge hannunta a jikin atamfar girki, ta jawo takardar. Da ya dawo ta dangwala yatsa a kan soja ɗaya.

"Wannan wane ne?"

"Sojan Jamus, Anyu."

"Wane Jamus? Ni ban ga Bajamushe da idona ba sai da aka buɗe mana taragon a Austria. Jandarmominmu ne. Baƙar hula ce mai tauri, da tulin gashin jelar zakara a gefe. In ya daka tsawa gashin har rawa yake yi. Na gaba yana da gashin baki, a shagon babana yake sayen taba. Goge wannan shirmen."

Ya goge. Ya sake zanawa. Ta ce gashin ya yi gajere.

Haka abin ya fara, ya kuma ɗauke su shekaru. Anyu ba ta iya ba da labari, amma ba ta jure ganin kuskure. Ya zana taga a taragon, ta ce babu taga, 'yar kafa ce da waya mai ƙaya. Ya zana Andor da takalmi, ta ce ƙafa ɗaya ce kawai, ɗayan ya faɗi a kan hanya, yaron yana ta kukan za a yi masa faɗa. Ni kuwa ina wanke-wanke, bayana a juye, ina jin abin da na shekara hamsin ban ji ba.

A nan na daina yi wa Vili ba'ar zomo. Na lura da abu ɗaya. A rubuce kana iya cewa aka kwashe su, aka caje su, aka rufe ƙofa, ka wuce abinka. A zane babu "aka". Hannun da ya rufe ƙofar dole ya fito daga wata riga, rigar kuma dole a ɗora mata kai.

Shafin da ya fi ba su wahala shi ne na ɗakin caje. Kafin a fitar da su daga gari, jandarmomi suka ce matan sun ɓoye zinariya a jikinsu. Suka kirawo Etelka néni, kamar ka ce Inna Etelka, ungozomar garin, wadda ta karɓi haihuwar Anyu da ta Andor. Anyu na tsaye a bakin ƙofa tana kallon uwarta kwance a kan teburin makaranta.

"Tana da baƙin tabo a haɓa," in ji Anyu. "Atamfarta mai ratsin shuɗi. Ba ta wanke hannu tsakanin mace da mace ba. Waƙa take yi ƙasa-ƙasa. Ta ce wa uwata, saki jikinki, matar Reiner, ai ni da wurin nan mun san juna."

Vili ya ajiye fensir ya shiga bayi. Na ji yana amai. Da ya fito ya zana, Anyu ta daɗe tana kallon fuskar. Ba ta gyara komai ba. Ta ce a ɗora shayi.

Da littafin ya kammala, wani mai ƙaramar maɗaba'a a Debrecen, Szalontai, ya karɓa da murna. Ya ce majalisar garinmu na shirin taron tunawa da waɗanda aka kwashe, za su ɗauki nauyin bugawa, a ƙaddamar da shi a ɗakin karatu na gari. Da na ji wanda ke shugabantar kwamitin, na ce wa Vili ya yi hattara. Kansila Bereczki ne. Aji ɗaya muka yi da shi, kuma babu wanda bai san cewa jikan Etelka ba ne.

Bereczki ya tare ni a kasuwa, ina zaɓen barkono.

"Hédike! Sai ƙara yarinta kike yi. Yaya mahaifiyarki, Aranka néni, da ƙafa?"

"Tana takawa."

"Na ga aikin ƙanenki. Yaron akwai hannu, ba ƙarya. Amma tsakanina da ke, katun? Wannan fa magana ce mai nauyi, rayuka ne. Ni da za a bi tawa, ya rubuta shi rubutu irin na manya, mu sa masa baƙin bango. Mun ma sa an sassaƙa allon marmara."

"Da sunan wa a jiki?"

"Waɗanda aka kashe mana."

"Waɗanda suka yi fa?"

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Ke har yau bakinki bai mutu ba."

"Ɗauke hannunka, Bereczki. Lokacin da Vili ke zana zomo ba ka taɓa cewa zane ya raina kowa ba. Sai da ka ga tabo a haɓar wata."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya ce a gaishe da tsohuwa, ya wuce.

Na zaci shi ke nan, za su janye. Sai Vili ya bugo waya ya ce an daidaita, littafi na kan inji. Na ce daidaitawa kamar yaya? Ya ce 'yan ƙananan abubuwa ne na maɗaba'a. Daga nan ya daina zuwa ƙarshen mako. Aiki ya yi masa yawa, in ji shi.

Ranar taron Anyu ta sa na kai ta gyaran gashi tun da safe. Ta sa shuɗiyar rigarta ta zuwa biki, ta ƙi karɓar sanda. Zauren ya cika fiye da yadda na zata: malaman makaranta, fada daga coci, 'yan tsirarun tsofaffinmu da suka zo daga Debrecen da rabbi, malamin addininmu, da 'yan jarida. Littattafan na jibge a tebur cikin leda, ba a buɗe ko ɗaya ba. Vili na zaune a kan dandamali kusa da Szalontai, yana ta murza zoben hannunsa. Bai kalli inda nake ba.

Bereczki ya yi jawabi. Ya yi maganar baƙar guguwar da ta taso daga waje, da mamayar Jamus, da 'yan'uwanmu da aka raba mu da su. Muryarsa har rawa ta yi. Sannan ya yage ledar littafi ɗaya, ya haɗa da furanni, ya rusuna ya miƙa wa Anyu. Aka tafa.

Anyu ta ɗora furannin a kujerar gefe. Ta sa tabarau. Ta lashi yatsa ta fara buɗawa, zaure na jiranta ta ce na gode. Ina tsaye a bayanta, don haka tare muka gani.

Titin na nan. Mutanen na nan da ƙullinsu, Andor da takalminsa ƙafa ɗaya. Amma masu kora su sun zama baƙaƙen inuwoyi masu kai sumul kamar tulu. Babu hula, babu gashin zakara, babu gashin baki. Ta ƙara buɗawa zuwa ɗakin caje. Kakata na kwance a kan tebur yadda take, fuskarta a fili, komai nata a fili. Wadda ke sunkuye a kanta kuwa an juya mata baya, an cike ta da baƙin tawada. Maganar da ta faɗa an cire.

Tsiraicin kakata sun bar shi kowa ya gani. Haɓar Etelka ce suka ga ta cancanci sutura.

Anyu ta miƙe. Ba ta nemi abin magana ba, muryarta ta isa.

"Vilmos. Su wane ne waɗannan?"

Kafin Vili ya amsa, Szalontai ya yi saurin matsowa.

"Aranka néni, salo ne na zane. Inuwa ta fi nuna cewa mugunta ba ta da fuska, ta kowane zamani ce..."

"Ba da kai nake ba, yaro. Kuma tana da fuska. Na faɗa wa ɗana fuskar, ya zana ta daidai." Ta ɗaga littafin ta juya shi ga jama'a. "Wannan baƙin abin da kuke gani Etelka ce, ungozoma. Wasunku ita ta yanke muku cibiya. Waɗannan kuwa jandarmomi ne, da yarenmu suke zaginmu. Wanda ya kawo amalanken da aka ɗora tsofaffi, gonarsa na bayan tashar jirgi. Aljanu ba su sauko garin nan ba."

Bereczki ya tashi, fuskarsa ta yi jajir.

"Aranka néni, don girman Allah. Yau ranar haɗa kai ce. Kakata ta daɗe a ƙasa, ba ta nan balle ta kare kanta. Tilasta mata aka yi."

"Waƙar ma tilasta mata aka yi?"

"Kina yarinya a lokacin. Yaro yana iya..."

"Yarinya ce ni, ba makauniya ba. Kakarka na ƙasa, na sani, ina wuce kabarinta, kullum da furanni. Tawa kakar fa? Nuna mini inda zan kai mata waɗannan." Ta nuna furannin da ke kan kujera.

Daga can bayan zauren wani ya ɗaga murya: "Kullum ku sai tone-tone! An yi muku allo, an yi muku taro, me kuma kuke so?"

Na juya. Mai kantin kayan ƙarfe ne, wanda na yi wa 'yarsa darasi kyauta har ta ci jarrabawa.

"Kai, rufe mana baki!" na ce. "In allon ya dame ka ɗauke shi ka shimfiɗa a banɗakinka. Dama da duwatsun kaburburanmu aka yi matakalar gidaje da yawa a garin nan, je ka duba taka!"

Daga nan zauren ya hargitse. Wasu suka fice, wasu suka ruga tebur suna yage leda don su ga shafin. Rabbi na ta ɗaga hannu yana cewa a yi haƙuri. Anyu ta rufe littafin, ta ajiye shi a kan furannin, ta kama hannuna.

"Kai ni gida, Hedvig. Ƙafata na ciwo."

Vili ya cim mana a wajen mota. Na sa Anyu ciki, na rufe ƙofa, na juyo kansa.

"Hédi, tsaya ki ji..."

"Da hannunka ka yi?"

"Cewa suka yi ko a gyara ko a fasa. Kin san wurare nawa na kai shi a Budapest? Wani ya ce katun ba ya sayuwa, wani ya ce an gaji da labarin Yahudawa, wani ya ce in kai sashen yara. Anyu ta tsufa. So nake ta riƙe shi a hannunta tun tana da rai. 'Yan shafuka ne kawai, sauran duk suna nan!"

"Tambayarka na yi, da hannunka ka yi?"

"Da hannuna," ya ce. "Gara ni da wani."

"Matar nan ta haɗiye abin nan tun tana yarinya. Kai kaɗai ta buɗe wa baki, ba ni da nake wanke mata ƙafa ba. Ka sa ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin nan karo na biyu, ka yi amai a bayinmu, sannan ka koma ka ɗauki buroshi ka yi wa Etelka lulluɓi. Ko zomon naka ya fi ka zuciya."

Ya fara kuka a tsakiyar titi, namiji mai furfura. Ban ji tausayinsa ba. Anyu ta ƙwanƙwasa gilashi ta ce in ja mota.

Majalisa ta kwashe littattafan ta zuba a ɗakin ajiya. Kwafi biyu suka bari a ɗakin karatu, a kusurwar yara, tsakanin littattafan koyon ƙirga, wai nan ne wurin masu hotuna. Jaridar yankin ta rubuta cewa tsohuwa ta rikice saboda tsufa da zafin zaure. Maƙwabciyarmu ta daina amsa gaisuwata. Vili ya yi ta bugo waya, Anyu ta ce in ce tana barci. Da farin ciki nake faɗa masa.

Hunturu ya shiga ya fita. Wata safiya Anyu tana shafa wa burodi man 'ya'yan itacen plum ta ce, "Kira min shi."

"Wa?"

"Ɗa nawa gare ni?"

"Anyu, bayan abin da ya yi?"

"Na ce ki yafe masa? Ni ma ban yafe ba. Hannunsa nake so. Ke ko kaza kika zana sai an tambaye ki mece ce."

Ya zo a rame, da kwalin kek a hannu. Ba ta kalli kek ɗin ba. Ya fara ba da haƙuri, ta katse shi.

"Zauna. Za ka mai da abin da ka cire. Sannan akwai saura, littafinka ya ƙare a inda Rashawa suka buɗe mana ƙofa, kamar daga nan sai daɗi. Kowace takarda ka gama, Hedvig za ta karɓa. Ba za ta kwana a hannunka ba."

Wannan karon ba ta jira ya yi kuskure ba. Ta faɗa da bakinta, tiryan-tiryan. Yadda ita da uwarta suka dawo da ƙafa da bayan amalanke, kansu cike da ƙwarƙwata. Yadda suka tsaya a ƙofar gidansu, ƙofar itacen oak mai zanen inabi, uwarta ta ƙwanƙwasa gidanta kamar baƙuwa. Matar mai gyaran takalmi ta buɗe, sanye da rigar sanyin uwarta, mai abin wuya na gashin dila.

"Ta dube mu sama da ƙasa," in ji Anyu. "Ta ce, au, kun dawo? An ce mana duk an ƙone ku. Sai ta waiwaya cikin gida ta ƙwala wa mijinta kira, ta ce zo ka ga rashin sa'a, namu ne kaɗai suka dawo."

Vili ya tambaya, murya can ƙasa, ko ya sauya ƙofar kaɗan, tun da gidan na nan da mutane a ciki. Na miƙa hannu zan fizge takardar. Ya riƙe ta, ya sunkuyar da kai, ya zana inabin ɗaya bayan ɗaya.

Wasu matasa a Budapest masu buga irin waɗannan littattafai a wani ɗakin ƙasa suka karɓa. Ni na kai takardun cikin jirgi, a kan cinyata. Ni na tsaya a gaban inji ina duba kowane shafi, har mai injin ya tambayi Vili ko ni 'yar sanda ce. Littafin ya fito Anyu na da rai. Ta karanta shi a gado daga bango zuwa bango, ta ce rigar dilar ta fi haka kyau. Ta rasu a lokacin kaka.

Kantin littattafan garinmu bai taɓa ajiye shi ba, amma mutane na sayowa daga Debrecen. Wata malamar tarihi tana karanta shi da ɗalibanta, an kai ƙararta, ta ci gaba. Ni da Vili muna gaisawa. Yakan zo ranar tunawa da Anyu, mu kunna kyandir, mu ci abinci, ya tafi. Ya ce in daina kallonsa haka. Na ce idona ne.

Kwanan baya wani mutum ya zo yana dukan ƙyauren gidana. Jikan mai gyaran takalmi ne, jijiyar wuyansa a tashe. Wai ɗalibai na tsayawa a gaban gidansa da littafi a hannu suna ɗaukar hoton ƙofarsa, matarsa ta kasa fita shan iska.

"Ni me na yi muku?" ya ce. "Ko haihuwata ba a yi ba! Gado na ci, da takarduna!"

"Ban ce ka yi komai ba."

"To ki hana su! Ƙofata ce!"

"Kakana ne ya sa kafinta ya yi ta, shekarar da ya yi aure," na ce. "In ta dame ka, ciro ta ka kawo min. Ina da wurin sa ta."

Ya tsaya yana huci. Ya tofar da yawu a gefen shingena, ya tafi. Da na bi ta titin bayan kwana biyu, na tarar ya shafe ta da koren fenti mai kauri, irin na shingen gona. Inabin sassaƙa ne ba zane ba, don haka suna nan ɓul-ɓul a ƙarƙashin fentin, wasu 'yan mata biyu na tsaye suna shafa su da yatsa.